Kada Ka Bari Ta Mutu

Sana'ata cajin waya. Ina da ɗan shago a Ikara, kusa da inda 'yan acaɓa ke tsayawa, da sola a kan kwano da batira a ƙarƙashin tebur. Ɗakin da ke manne da nawa na ƙanena ne, autanmu, nan samari ke zuwa buga gem, kuma daga wurina yake jan wuta. Mu mutanen Taba ne, ta ƙasar Kudan, can mahaifiyarmu take har yau. Ni firamare na gama aka mai da ni gona. Shi ya yi sakandare, ya kuma je Zariya ya koyi gyaran waya da talabijin.

Na'urar gem biyu gare shi. Ɗaya ta daina karɓar faifai, ga shi kuma samari sun fara komawa buga gem a waya. Wata safiya ya leƙo shagona da ita a hammata.

"Yaya, fasa ta zan yi."

"Fasawa kamar yaya? Da guduma?"

"A'a, kamar yadda ake fasa shago," ya ce. Ya san halina, da gangan ya faɗa.

Ya yi mini bayani. Wai masu ƙera ta sun kulle ta, ba ta yin komai sai wasannin da suka yarda da su, alhali cikinta kwamfuta ce sosai. Akwai wata kafa da suka manta ba su toshe ba, ta nan ake shiga a ɗora mata wata manhaja, sai ta zama kwamfutar da za a yi rubutu da karatu a kanta. Ya daɗe yana son kwamfuta, hali ne bai yi ba.

Na ce, "To in sun kulle, ai da dalili."

"Na saya ko ban saya ba? In ka sayi akuya, mai akuya zai biyo ka gida ya ce ban da dusa?"

"Ita manhajar a ina ka saya?"

"Kyauta ce."

"Wa ya ba ka?"

"Mutane."

"Waɗanne mutane?"

"Mutanen duniya, Yaya. Wannan ya rubuta kaɗan, wancan ya ƙara, wani ya gyara, kowa ya ɗauka. Kamar aikin gayya."

"A gayya ai ana dama wa mutane kunu."

"To ka dama musu, in ka sami mai zuwa ka aika."

Dariya ya yi ta yi, ni kuwa na kwana biyu abin yana cina. Ban taɓa jin kyautar da ba a san mai ita ba. In an aiko maka da abu, kana ba ɗan aike tukwici, kana kuma takawa ka yi godiya. Wannan ba ɗan aike, ba ƙofar da za ka je ka yi sallama. Sunanta ma na Turanci ne, bakina bai taɓa kama shi daidai ba.

Ran da na'urar ta fara tashi ya kira ni in gani. Ya haɗa mata kibod, allon maɓallan rubutu, da ya sayo na hannu. Talabijin ta yi baƙi, wasu tsuntsaye masu ƙiba suka jeru a sama, ya ce kajin ƙasar ƙanƙara ne, sai rubutu ya shiga gudu. Da ya tsaya, a layin ƙarshe na ga alamar dala, da wani ɗan tsinke fari a gefenta yana ƙiftawa.

"Ka gani ko?" na ce. "Ai na faɗa maka. Ga shi nan kuɗinsu suke tambaya."

Har sai da ya zauna a ƙasa don dariya. "Yaya, Allah Ya bar mini kai. Ba kuɗi take nema ba, jira take yi. In ka ga wannan alamar, cewa take, ina jin ka, faɗi abin da kake so."

Matsalarta ɗaya, kuma ita ce ta zama tawa daga baya. Fasawar ba ta zama. Duk ran da aka kashe ta, ko wuta ta yanke, sai ta farka a gem, kamar ba a taɓa koya mata komai ba. Sai an sake bi ta kafar nan, a soka wani filash, ɗan abin ajiyar bayanai, a daidai wani lokaci, a jira. Sau da yawa takan sandare, a cire wuta a sake. Wata rana yakan ɓata hantsi guda a kai, yana zaginta kamar jaki. Shi ya sa in ta tashi ba ya son kashe ta.

A ƙarshen rani ne, ana ta lodin rake, ya shigo shagona yana saka hula.

"Yaya, zan je Nasarawan Doya in haɗa wa wani mutum talabijin. Na bar ta tana aiki. Talabijin ɗin kana iya kashewa, amma ita don Allah kada ka bari ta mutu. Da ƙyar ta tashi yau."

"Sai yaushe?"

"Kafin la'asar."

Na ce, "To."

Hankalina yana kan wayar wani da nake nema a cikin tarin wayoyi. Ban ɗago kai ba. To kawai na ce.

Bayan azahar aka bugo. A hanyar dawowa babur ɗin da ya hau ya haɗu da motar rake. Ɗan acaɓan ya karye, shi kuwa nan take. Na ce innalillahi, na ji bakina ya faɗa. Na raba wa masu waya wayoyinsu. Na duba batir, na ga a cike yake. Na kira matata na nuna mata fitilar inbata, akwatin da ke jan wuta daga batir, na ce in ta ga ta koma ja ta cire komai ta bar igiyar ɗakin gem kaɗai. Ta dube ni. Sannan na hau mota.

A Taba aka rufe shi. Na zauna a tabarma ana zuwa ana cewa ya haƙuri, ina cewa da godiya. Hawaye bai zo mini ba. Ina kallon ƙafafuwan mutane, wasu da takalmi, wasu da kaushi. Da an ɗan sarara sai in zaga bayan rumbu in buga wa matata.

"Tana nan?"

"Tana nan."

"Kin ji ƙararta? Kara kunne ki ji."

"Malam, na ji. Tana huci."

Wata gwaggonmu da ta fito zubar da ruwa ta tsinkayi maganar. Ta ajiye kwarya ta ce, "Subhanallahi, wace ce kuma ba lafiya?" Na ce ba kowa. Ta ce kada in ɓoye mata, in yarinyarmu ce a faɗa. Na ce ba kowa, Gwaggo, kayan shago ne. Ta daɗe tana kallona kafin ta ɗauki kwaryarta.

Da aka tashi daga zaman makoki na dawo Ikara. Ban buɗe wa samari ɗakin gem ba. Kowace safiya nakan buɗe shi ni kaɗai, in kunna talabijin. Alamar tana nan, ɗan tsinken yana ƙiftawa. A samansa akwai layukan rubutu da ban iya karantawa, don Turancin ba irin na firamare ba ne. Nakan tsaya kaɗan, in kashe talabijin, in goge ƙura da tsumma ba tare da na taɓa igiya ba, in sa tubali a inda ɓera zai iya bi. Ban taɓa kibod ɗin ba. Ina tsoron in danna wani abu ta ɗauka umarni ne.

Ba kewa nake ji ba a lokacin. Ban san sunan abin ba. Abinci in an ajiye ina ci. In an yi magana ina amsawa. Abin da kawai yake shiga kunnena sosai shi ne ƙarar fankarta ta jikin bango, ko ina tsakiyar ciniki.

Na je wurin limamin unguwarmu bayan sallar la'asar, na durƙusa na faɗa masa komai, har da fasawar da kyautar, don kada in rage wani abu. Ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, "Ai ba rai gare ta ba."

Na ce, "Na sani, Allah gafarta Malam. Amma cewa ya yi kada in bari ta mutu, na ce to."

"Nufinsa har ya dawo."

"Bai ce har ya dawo ba. Ni na tambaye shi yaushe zai dawo, daban. Ita maganar bai sa mata iyaka ba."

Liman ya shafa gemu. Ya ce amana in mai ita ya rasu magada take komawa, su ke da ta cewa. Ya ce kuma in rage waswasi, ba ya kai mutum ko'ina. Na yi godiya. A hanya na yi ta juya maganar. Auta bai yi aure ba. Babbar mai magana a kan kayansa Inna ce, ni kuwa ban ga bakin da zan je in ce wa Inna ta ba ni izinin kashe wani abu na Auta ba. Da Hausa dai ba ta da wata kalmar, fitila kashe ta ake yi, waya mutuwa take yi. Na gwada jimlar a raina ta kowace fuska, ba ta fito da kyau ba.

Sadakar arba'in ma sammako na yi na je, na dawo kafin rana ta yi sanyi. 'Yan'uwa suka ce kasuwa ta riƙe ni.

Damina ta sauka, aka yi shuka. Da farko ba matsala, ana ruwa rana na fitowa. Sai marka ta kama. Gari ya rufe, sama ta yi fari fat kamar an shanya zane, yayyafi ba ya ɗaukewa. Sola ba ya jan komai. Wutar gari kuwa sai a yi kwanaki ba a gan ta ba, in an kawo ma kafin ka tashi an ɗauke. Inbata ta fara kuka, wani ɗan tsiwa-tsiwa kamar ɗan tsako.

Na fara rage wayoyi. Daga baya na daina karɓa gaba ɗaya.

"Mai caji, yau ma babu?" in ji wani ɗan acaɓa da ya saba kawo mini tasa.

"Babu wuta."

"Ga fitilarka nan a kunne."

"Ta wani ce."

"Wane babban mutum ne wannan da ya kama wuta shi kaɗai? Ciyaman ne?"

Ya tsallaka titi ya kai wa wani. Haka suka yi ta tsallakawa ina kallo. Na aro ƙaramin janareta wurin mai walda, in batir ya yi ƙasa in tayar, in ya ɗan ɗago in kashe. Abin da za a yi cefane da shi ya koma galan ɗin mai.

Matata ba mai yawan magana ba ce. Ta kawo mini abinci shago wata rana, tuwon ba miya sosai. Ta ajiye, ta tsaya a bakin ƙofa da buhu a ka saboda yayyafi.

"Malam."

"Na'am."

"Mu ma fa muna da rai."

Na ce na sani. Ta tafi. Na ci tuwon.

A cikin markar nan abokin Auta ya zo. Kirista ne, iyayensa mutanen kudancin Kaduna, amma a Makarfi aka haife shi, can yake gyaran waya. Tare suka yi koyo a Zariya, ya kuma zo gaisuwa Taba. Sayen kaya ya kawo shi Ikara, ruwa ya koro shi shagona. Muka gaisa, ya sake yi mini ta'aziyya. Yana zaune sai ya karkata kai.

"Yaya, me ke ƙara a ɗakin nan?"

Na buɗe masa. Na kunna talabijin. Ya tsaya da rigarsa tana ɗiga, yana kallo.

"Tun ranar?"

"Tun ranar."

"Kai. Allah Sarki."

Ya matsa kusa, hannuwansa a baya, don na roƙe shi kada ya taɓa komai. Ya karanta layukan yana motsa leɓe.

Na ce, "Aikin da ya bar mata, ta yi nisa?"

"Ta gama."

"Yaushe?"

"Tun ranar, Yaya. Gyare-gyare ne ya sauko da su take shigarwa. Ba abin daɗewa ba ne. Ina jin ko kai Nasarawan Doya bai yi ba ta gama."

Na ce to. Na ji maganar ta wuce ta gefena kamar da wani ake.

"In ta mutu, za ka iya tashinta?"

Ya tambayi filashin. Na ce a aljihun Auta yake ranar, ba a kawo mana shi cikin kayansa ba. Ya ce zai iya neman yadda ake haɗa wani, wataƙila ta tashi, wataƙila ta ƙi, shi waya ya sani, mutuminsa ne mai naci a kan irin wannan. Ko ta tashi, ai wani tashin ne daban. Wannan Auta ne ya tashe ta da hannunsa.

Ya dubi inbata da ke kuka, ya dubi galan ɗin mai, ya dube ni.

"Yaya, in batir ya ƙare tana kunne, yankewa za ta yi, abin da ke cikinta ma zai iya lalacewa. Akwai yadda ake yi. Ba a zare mata wuta. Gaya mata ake yi, ita da kanta ta tattara kayanta ta kwanta."

"Kashewa dai."

"Sallama. In ka gama da mai aiki ai sallamarsa kake yi, ba kashe shi ba."

Ya ɗauki biro ya rubuta mini kalmar a jikin katakon tebur, da manyan haruffa masu kyau, ya nuna mini maɓallin da ake dannawa a ƙarshe. Na ce ba ni da ikon yi. Ya ce ya ji. Da ruwa ya tsagaita ya tafi. Na yi ta kallon kalmar. Sallama ta fi daɗin faɗa, amma ban tabbata ba dabara ce kawai ba, irin wadda ake yi wa yaro ya sha magani.

Ashe matata ta buga Taba. Ba ta gaya mini ba. Ranar Juma'a da hantsi sai ga Inna ta sauka daga bas, da lema da ƙullin ɗanyar gyaɗa. Tun da Auta ya buɗe ɗakin nan ba ta taɓa takawa ba. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi hanya, na tambayi gida da gona. Ta amsa duka. Inna ba ta faɗar sunana, ni ne ɗanta na fari.

"Kai wannan, buɗe mini in ga wurin."

Ta shiga ta zauna a bencin da samari ke zama. Ta dubi hotunan 'yan ƙwallo a bango, ta dubi silifas ɗinsa da ke bayan ƙofa. Na kunna talabijin, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

"Wannan ce?"

"Ita ce, Inna."

"Me take yi?"

"Jira."

Ba ta tambayi wa take jira ba. Ta miƙa hannu, na so in hana ta, ban iya ba. Ta ɗora tafinta a kan na'urar.

"Da ɗuminta," ta ce.

Ta bar hannun a wurin. Fanka tana huci, inbata tana kuka ta bango. Sai tsoro ya kama ni ta wata fuskar. Na ce a raina, in ta ce a bar ta, shi ke nan, ni da galan ne har abada.

"An ce ya bar maka amana."

"E, Inna. Ya ce kada in bari ta mutu. Na ce to."

"Ran da za ku taho Ikara, a zaure, me na ce maka?"

Na tuna. Ina ɗaure katifa a bayan babur, shi yana cin rake.

"Kin ce in kula da shi."

"Ka ce me?"

"Na ce to."

"Tun da aka rufe shi, na taɓa ce maka ina yake?"

"A'a."

"To."

Ta gyara mayafi da ɗaya hannun. "Yi abin da ake yi. Ni ba zan daɗe ba, na bar awaki a ɗaure."

Na jawo kibod. Ƙura ta cika tsakanin maɓallan. Haruffan ba a jere suke kamar yadda muka koya a makaranta ba, kowanne sai na neme shi. Da yatsa ɗaya nake dannawa, ina duba katako ina duba talabijin. Da na danna na ƙarshe, ta rubuta wani gajeren layi ta dawo da alamar, tsinken yana ƙiftawa. Na gwada da na katako, ashe harafi ɗaya na tsallake.

"Ta ƙi?" in ji Inna.

"Ni na yi kuskure."

Na ce bismillah na sake, a hankali. Wannan karon rubutu ya shiga gudu kamar ran farko. Talabijin ta yi baƙi. Fanka ta ci gaba kaɗan, ta rage, ta tsaya. A shagona ma inbata ta yi shiru.

Na jira in ji wani abu. Yayyafi na ji a kan kwano, da wani mai babur yana kiran fasinja. Inna ba ta ɗauke hannunta ba. Na tsaya, ita tana zaune, har aka fara kiran sallar farko a masallacin Juma'a.

"Ta huce," ta ce, ta goge tafin a zani.

Ta ce in raka ta tasha kafin ruwa ya yi ƙarfi. Ta ɗauki silifas ɗin ta sa a leda, ta bar mana gyaɗar. Na rufe ɗakin, na rufe shago. Ɗan acaɓan nan ya hango ni daga tsallake ya ɗaga wayarsa sama, na ce masa ya kawo bayan an sauko daga masallaci.

Mun ɗan taka sai na juya na koma, kamar yadda na saba, na ja kwaɗon na ga ya kama, na kara kunne a jikin ƙofa. Inna ta tsaya a bakin hanya da lemarta tana jirana, ba ta ce in yi sauri ba.